Yadda Nake Hasashen Yawan Mutanen Birni da na Karkara a Ƙasa

Duk wanda aka taɓa ɗora wa aikin tsara makarantu, asibitoci ko ruwan sha na shekara ashirin masu zuwa ya san tambayar da ke fara tare shi: mutum nawa za a samu, kuma a ina za su zauna? Rabin farko na tambayar yana da masu amsa shi da yawa. Hukumar ƙididdiga ta kowace ƙasa tana fitar da hasashen jimillar jama'a, Majalisar Ɗinkin Duniya ma tana fitar da nata. Rabi na biyu, wato nawa a birni nawa a karkara, shi ne na ga yana ba mutane wuya, kuma shi na daɗe ina koya wa sababbin ma'aikata. Lissafin kansa ba ya cin minti goma. Abin da ke cin kwanaki shi ne tabbatar da cewa alƙaluman da za ka zuba a cikinsa abu ɗaya suke aunawa.

Don haka kafin ka buɗe kwamfuta, ka nemo abin da ƙasar da kake aiki a kanta take kira birni. Duniya ba ta da ma'ana ɗaya a kan wannan kalma. A Denmak da Suwidin, matsugunin mutum 200 ya isa a sa shi cikin birane. A Najeriya an saba da mutum 20,000. A Japan sai gari ya kai mutum 50,000. Indiya ta haɗa sharaɗi uku ga garin da ba shi da hukumar birni: mutum 5,000, cunkoson mutum 400 a kowane murabba'in kilomita, sannan kashi 75 cikin ɗari na maza masu aiki ya kasance ba noma suke yi ba. Amurka ta shafe shekaru da dama a kan mutum 2,500, sai a ƙidayar 2020 ta ɗaga zuwa mutum 5,000 ko gidaje 2,000. Wasu ƙasashen ko adadi ba sa dubawa, duk garin da gwamnati ta ayyana shi ne birni.

Bambancin da ke tsakanin ƙasa da ƙasa ma da sauƙi. Wanda ke lalata aiki shi ne idan ƙasa ɗaya ta sauya ma'anarta tsakanin ƙidaya da ƙidaya. Siri Lanka ta rushe majalisun ƙananan garuruwa a 1987 ta haɗe su da hukumomin karkara. Kason mutanen birni da ya kai kashi 21.5 a ƙidayar 1981 sai ya faɗo ƙasa da kashi 15 a ta 2001, alhali mutanen suna nan a gidajensu, suna sana'o'insu, takarda ce kawai ta mayar da su 'yan karkara. A Japan akasin haka ya faru. Daga 1999 zuwa 2010 an yi ta haɗe ƙananan hukumomi, yawansu ya ragu daga sama da 3,200 zuwa kimanin 1,700, ƙauyuka masu yawa suka tsinci kansu cikin iyakar birane. Kason birni ya tashi daga kusan kashi 79 a 2000 zuwa kusan 91 a 2010. Wanda ya ɗauki wannan tashi a matsayin ƙaura ta gaske ya gina hasashe a kansa, ya yi gini a kan rairayi.

Ni ma abin ya taɓa samuna a farkon aikina. An ba ni jadawalin ƙidaya biyu, na raba, na ninka, na fito da hoton zane mai kyau da ke nuna birane suna haɗiye karkara cikin sauri. Na kai wa wani dattijo da ya girme mu duka a ofishin. Bai ko kalli zanen ba. Ya jawo kundin ƙidaya ta biyu, ya ɗora yatsa a kan wasu layuka biyu masu ƙananan haruffa a ƙasan jadawalin, ya ce, "Malam, ka karanta nan?" Ban karanta ba. A can aka rubuta cewa a wannan karon duk hedikwatar gunduma an lasafta ta birni, komai ƙanƙantarta. Kusan rabin ƙaruwar da nake murna da ita daga wannan layin ta fito. Da an yi amfani da takardata, da an karkatar da kuɗin ajujuwa da dakunan shan magani daga wuraren da yaran suke zuwa wuraren da ba su je ba tukuna. Tun ranar, ƙasan jadawali nake fara karantawa kafin samansa.

Idan ka tarar ma'anar ta sauya, abin yi shi ne ka samo jerin garuruwa da yawan mutanensu a ƙidayoyin biyu, ka zaɓi ma'auni ɗaya, ka sake jera su da kanka. Aiki ne mai gajiyarwa, amma ba shi da madadi. Akwai kuma taimako na zamani. A watan Maris na 2020 Hukumar Ƙididdiga ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da wata hanya ta bai ɗaya don kwatanta ƙasashe, wadda ke yanka taswira gida-gida, kowane gida murabba'in kilomita ɗaya. Inda gidajen taswirar da ke manne da juna suka kai cunkoson mutum 1,500 a kowane gida kuma jimillarsu ta kai 50,000, wannan babban birni ne. Inda cunkoson ya kai 300 kuma jimilla ta kai 5,000, wannan gari ne ko kewayen birni. Abin da ya rage karkara ne. Amfaninta shi ne ba ruwanta da iyakar da 'yan siyasa suka shata. Sai dai kada ka gauraya ta da ma'anar ƙasa a lissafi ɗaya. Ka ɗauki ɗaya ka bi ta har ƙarshe.

Abu biyu kuma za ka duba a nan. Na farko, wa aka ƙirga a ina? Wata ƙidayar tana rubuta mutum a inda ya kwana daren ƙidaya, wata a inda ya saba zama, wata a inda aka yi masa rajista. A ƙasar Sin a 2020, masu zama a birane sun kai kashi 63.9, amma masu rajistar birni kashi 45.4 ne kawai. Mai tsara bututun ruwa adadi na farko yake bukata, domin mutum a inda yake zaune yake shan ruwa. Na biyu, kwanan watan ƙidaya. Kada ka ɗauka tazarar shekara goma ce cif. Ka ƙirga ta da watanninta. Idan shekara goma sha ɗaya da rabi ce, ka rubuta 11.5.

Yanzu lissafin

Abu uku kake bukata a gabanka: yawan mutanen birni da na karkara a ƙidaya biyu aƙalla, hasashen jimillar jama'ar ƙasar na shekarun da kake so, da manhajar lissafi irin Excel, ko ma kalkuleta mai maɓallin LN, wato logaridim.

Bari in fara da hanya biyu da mutane suka fi faɗawa, don ka kauce musu. Ta farko ita ce miƙe layi. Kason birni a Sin ya tashi daga kashi 49.7 a 2010 zuwa 63.9 a 2020, wato ƙarin maki 14.2 a shekara goma. Idan ka ce haka za a ci gaba, a 2050 za ka samu kashi 106 da ɗoriya, abin da ba zai yiwu ba. Ta biyu ita ce ka ɗauki saurin ƙaruwar birni ka ninka shi shi kaɗai, ka ɗauki na karkara ka yi masa haka, sannan ka tara. Jimillar da za ta fito ba za ta yi daidai da hasashen ƙasa ba, kuma in ka yi nisa mutanen birni kaɗai sai su zarce mutanen ƙasar gaba ɗaya.

Hanyar da nake bi ita ce wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a littafin jagoranta na 1974, kuma ta shafe shekaru da dama tana amfani da ita. Sirrinta shi ne a bar kaso a gefe, a yi aiki da awon birni a kan karkara: a gaban kowane mutum ɗaya na karkara, mutum nawa ne na birni? Kaso yana da rufi, ba ya wuce ɗari. Awo kuwa ba shi da rufi, yana iya zama 1, ko 4, ko 20. Don haka za ka iya barinsa ya yi ta ƙaruwa, in ka mayar da shi kaso daga baya ba zai taɓa kai ɗari ba.

Mu ɗauki Indiya, domin ƙidayoyinta na 2001 da 2011 duk a ranar 1 ga Maris aka tsayar da su, tazarar shekara goma ce daidai. A 2001 mutanen birni miliyan 286.1 ne, na karkara miliyan 742.5. A 2011 na birni sun zama miliyan 377.1, na karkara miliyan 833.7. Tsaya ka kalli waɗannan alƙaluma kafin ka ci gaba. Kowane ɓangare ya ƙaru da kimanin mutum miliyan 91. Ƙari iri ɗaya ne, amma ɗaya a kan ƙaramin tushe ya hau, ɗaya a kan babba.

Raba birni da karkara a kowace shekara. Na 2001 zai ba ka 0.3853, na 2011 kuma 0.4523. Sai ka raba sabon awon da tsohon, ka samu 1.1739. Ka ɗauki logaridim ɗinsa na asali, wanda a Excel ake rubutawa LN, zai ba ka 0.160. Ka raba da yawan shekaru, wato 10, ka samu 0.016. Idan tsohon awon yana gurbin B2, sabon yana B3, abin da za ka rubuta shi ne =LN(B3/B2)/10.

Wannan 0.016 ita ce zuciyar aikin, kuma sunanta tazarar ƙaruwar birni da karkara. Ma'anarta a fili take. Birane sun ƙaru da kashi 2.76 a shekara, karkara da kashi 1.16, in ka debe saura 1.6. Nakan sa ɗalibai su yi ta hanyoyin biyu, domin in amsoshin ba su zo ɗaya ba akwai kuskure a wani gurbi.

Don zuwa gaba, ninka tazarar da yawan shekarun da kake son tsallakawa, ka saka sakamakon a EXP, wanda shi ne kishiyar LN, sannan ka ninka da awon ƙarshe. Daga 2011 zuwa 2031 shekara 20 ne. Idan ka ninka 0.016 sau 20 ka samu 0.32, EXP ɗinsa 1.377, in ka ninka da 0.4523 sabon awo ya zama 0.623. Mayar da shi kaso kuwa, ka raba awon da kansa bayan ka ƙara masa 1: wato 0.623 a raba da 1.623, ya ba ka kashi 38.4 cikin ɗari.

Sai mataki na ƙarshe. Ɗauko hasashen jimillar jama'a na wannan shekara ka ninka da kason. Don sauƙin misali mu ce jimillar biliyan 1.5 ce. Mutanen birni za su zama miliyan 576, abin da ya rage, miliyan 924, shi ne karkara. Kullum karkara ta hanyar debewa ake fitar da ita, don jimilla ta tsaya yadda take.

Ina so ka lura da wannan miliyan 924, domin nan ne na fi ganin ana yi wa mutanen karkara rashin adalci. Kasonsu ya ragu daga kusan kashi 69 zuwa ƙasa da 62, amma yawansu ya ƙaru da mutum miliyan 90. Shugaba ya ga zane yana gangarowa sai ya ce karkara tana mutuwa, a daina gina mata makaranta. Alhali yaran da za su nemi kujera a ajin ƙauye sun fi na da yawa. Shi ya sa ban taɓa miƙa rahoton da ke ɗauke da kaso kaɗai ba, sai na ajiye yawan mutane a gefensa. Akwai ƙasashen da karkararsu take raguwa da gaske. A Sin ta sauko daga miliyan 674 a 2010 zuwa miliyan 510 a 2020. Amma a yawancin ƙasashen Afirka kudu da Sahara, inda haihuwa ke da yawa, karkara tana ci gaba da ƙaruwa ko da birane na ninkawa. A duniya baki ɗaya, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya sa mutanen karkara a kimanin biliyan 3.4, ya yi hasashen za su ɗan ƙaru sannan su sauko zuwa biliyan 3.1 a 2050, yayin da kason birane zai tashi daga kashi 55 zuwa 68.

Idan ka yi wannan lissafi shekara bayan shekara ka zana shi, za ka ga layin ya lanƙwashe kamar harafin S da aka ja ta baki biyu. Yana tashi a hankali lokacin da birane ke da ƙaranci, ya yi sauri a wajen rabi da rabi, sannan ya lafa. Haka tarihin ƙasashe da yawa ya nuna, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: idan karkara ta ragu, masu barinta ma sun ragu.

Tazarar ba ta tsayawa wuri ɗaya

Abin da na nuna a sama ya ɗauka cewa tazarar da aka gani jiya ita za a gani har abada. Na shekara biyar ko goma wannan ba laifi. Gwada shi da Sin. Daga kashi 36.2 a 2000 zuwa 49.7 a 2010 tazarar ta kai kusan 0.055. In ka tura ta zuwa 2020 za ka samu kashi 63.2, ƙidaya kuma ta ba da 63.9. Ya kusa sosai. Amma in ka ci gaba da tura irin wannan tazara har 2050 za ka haura kashi 90, alhali Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 kashi 80 ta sa wa ƙasar. Dalili shi ne an lura cewa ƙasa tana ƙara zama birni, tazarar tana ƙanƙancewa. Saboda haka masanan Majalisar suka tattara tarihin ƙasashe masu yawa suka fitar da tazarar da aka saba gani a kowane mataki, sannan suke jan tazarar kowace ƙasa zuwa gare ta sannu a hankali.

Kai ma za ka iya yin haka. Ka yanka hasashenka shekara biyar-biyar. Ka zaɓi tazarar da kake ganin ƙasar za ta koma kanta, ta hanyar duba ƙasashen da suka riga ta wucewa ta wannan mataki. A zangon farko ka ba tazarar ƙasar nauyin kashi 80, ta aro, wato wadda ka ɗauko daga ƙasashen can, kashi 20. A na biyu 60 da 40, a haka har ta aro ta karɓe gaba ɗaya a zango na biyar. Jan yana iya zama ƙasa, kamar na Sin, yana kuma iya zama sama. Tazarar Indiya ta 0.016 ƙarama ce ga ƙasar da ke wannan mataki. In ka bar ta yadda take, a 2051 kashi 46 za ka samu, Majalisar kuwa ta sa Indiya sama da rabi a 2050.

A nan ne nake da ja da masu ɗaukar wannan hanya kamar wahayi. Tana ɗauka cewa kowace ƙasa hanyar da wasu suka bi za ta bi, kuma birni kullum gaba yake yi. Zambiya ta nuna ba haka ba ne. Kason birni a can ya tashi daga kimanin kashi 29 a 1969 zuwa kusan 40 a 1980, lokacin da ma'adinan jan ƙarfe ke jan mutane. Wanda ya zauna a 1980 ya yi lissafin da na koya maka zai ce a 2000 za a haura kashi 60. Ƙidayar 2000 kimanin kashi 35 ta samu. Farashin jan ƙarfe ya faɗi tun tsakiyar shekarun 1970, ayyuka suka ƙare a garuruwan ma'adinai, mutane suka koma gona. Babu wani LN ko EXP da zai hango wannan. Masana irin su Philippe Bocquier sun nuna a 2005 cewa hasashen Majalisar yakan zarce abin da ke faruwa a ƙasashe masu tasowa, kuma irin wannan labari yana cikin dalilan.

Don haka ka tambayi kanka abin da ke ƙara wa biranen ƙasar mutane. Hanya uku ce. Akwai haihuwar da ta fi mace-mace a cikin birnin kansa, akwai masu ƙaura daga karkara, akwai kuma ƙauyukan da suka girma ko birni ya cim musu aka sauya musu matsayi. Mutane da yawa suna zaton ƙaura ce babba, amma bincike a ƙasashe masu tasowa ya daɗe yana nuna cewa wajen kashi 60 na ƙaruwar daga haihuwar cikin birni take. Sauya matsayi ma ba ƙaramin abu ba ne. A Indiya, garuruwan da ƙidaya ta ɗauka birane bisa sharuɗɗan nan uku sun tashi daga 1,362 a 2001 zuwa kusan 3,900 a 2011. Ma'anar ba ta sauya ba, ƙauyukan ne suka cika sharaɗi, don haka wannan ƙaruwa ce ta gaskiya. Amma ka tambaya ko akwai sauran ƙauyuka masu yawa a bakin layi da za su tsallaka a zango mai zuwa. Sanin wace hanya ce ta fi ƙarfi shi zai gaya maka ko tazarar da ka samu mai ɗorewa ce. Ta haihuwa a hankali take sauyawa. Ta ƙaura kuwa tana iya juyawa cikin 'yan shekaru in tattalin arziki ya juya, ko aka yi fari, ko yaƙi ya ɓarke.

Saboda wannan, ban yarda a ba da amsa ɗaya ba. Uku nake bayarwa. A misalin Indiya, in tazarar ta sauko 0.010, kason 2031 zai zama 35.6. In ta tsaya 0.016, zai zama 38.4. In ta hau 0.025, zai zama 42.7. A kan jimillar biliyan 1.5, tsakanin ta ƙasa da ta sama akwai mutum sama da miliyan 100. Wanda zai sa hannu a kan kasafi ya cancanci ya ga wannan faɗi da idonsa. A ƙarƙashin kowace amsa nakan rubuta jimla ɗaya da ke cewa me zai faru a ƙasar kafin wannan amsa ta tabbata. Masu karatu sun fi riƙe wannan jimlar fiye da alƙaluman.

Idan ana bukatar shekaru da jinsi

Hanyar tazara jimilla kawai take bayarwa. Mai son sanin yara nawa za su shiga aji ɗaya a karkara, ko mata nawa masu shekarun haihuwa za a samu a birane, dole ya bi doguwar hanya. Ana ɗaukar birni da karkara kamar ƙasa biyu. Kowace a rarraba mutanenta maza da mata, rukunin shekara biyar-biyar. A kowane zango a ciyar da kowane rukuni gaba bayan an debe waɗanda za su rasu, a ƙara jariran da za a haifa, sannan a kwashe masu ƙaura daga wannan gefe a zuba a wancan. Kowane gefe da nasa adadin haihuwa da na mace-mace, domin kusan ko'ina matan karkara sun fi na birni haihuwa. Binciken lafiya da yawan jama'a da aka sani da DHS, wanda aka gudanar a ƙasashe da dama tun tsakiyar shekarun 1980, yana ba da waɗannan alƙaluma a rarrabe. Akwai manhajojin da ke ɗauke wa mutum wahalar ninke-ninken, kamar DemProj da ke cikin Spectrum, da RUP ta Hukumar Ƙidaya ta Amurka.

Wurin da ya fi tauri shi ne ƙaura, don ƙidayoyi da yawa ba sa auna ta kai tsaye. Dabarar ita ce ka ɗauki mutanen birni na ƙidayar farko, ka lissafa nawa ya kamata su rage a raye a ta biyu, rukuni-rukuni, sai ka debe daga waɗanda aka tarar. Rarar ita ce baƙin da suka shigo. Za ka ga ta taru a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 29, wannan kusan ko'ina haka yake. In ka ga rarar ta bazu daidai a kan kowane rukuni, har da tsofaffi da jarirai, to galibi ƙauyuka ne aka sauya wa matsayi da duk mutanen cikinsu, domin tsofaffi ba sa tashi su bar gida da yawa haka. Bayan ka gama, ka tara birni da karkara a kowane rukuni ka gwada da hasashen ƙasa. In sun saɓa, ka daidaita su da na ƙasa. Ka kuma kwatanta kason da ya fito da wanda hanyar tazara ta ba ka. In sun yi nisa da juna, koma ka duba zaton da ka yi a kan ƙaura.

Haka nan in aka ce ka fitar da na manyan birane ɗaya bayan ɗaya, dabarar awo ɗin nan za ka sake bi, sai dai yanzu awon birni guda a kan sauran birane. Ka tabbata jimillarsu ba ta zarce jimillar mutanen birni ba.

Wani lokaci kuma za ka tarar ƙidayar ta tsufa. Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango rabonta da ƙidaya tun 1984, Labanan tun 1932, Najeriya tun 2006, Indiya ma ta ɗage ta 2021. A irin wannan hali hasashenka tun daga tsohuwar shekarar yake farawa, kuma adadin da kake kira na bana shi ma hasashe ne, sai ka faɗi haka a shafin farko. Nakan nemi shaida daga gefe: kason birni a binciken gidaje na baya-bayan nan, rajistar 'yan makaranta, jerin gidajen da aka yi don allurar rigakafi, da hotunan tauraron ɗan'adam da ke nuna yadda gine-gine suka faɗaɗa. Ko ɗaya ba ya maye gurbin ƙidaya, amma in duk sun nuna gefe ɗaya, sai in karkata tazarar zuwa can, in kuma ƙara faɗin da ke tsakanin amsar ƙasa da ta sama.

Gwaji ɗaya nake yi kafin in miƙa aiki. In akwai ƙidaya uku, sai in rufe ta ƙarshe, in yi hasashenta da biyun farko, sannan in buɗe in ga nisan kuskurena. Wannan nisan nake rubutawa a rahoton. A shafi na ƙarshe kuma nakan jera ma'anar birni da na bi, ranakun ƙidayoyin, tazarar kowane zango da dalilin zaɓenta, da inda na samo jimillar jama'a, domin ranar da sabuwar ƙidaya ta fito, wanda ya gaji kujerata ya sauya gurbi biyu kawai ya sake lissafin.